Karabat a Wuyan Ɗan Lakwal, Garwashi a Hannun Yayarsa

Duk shekara idan Oktoba ya kama aka koma lakwal, takardar kayan da ake miƙa wa uba ƙara tsawo take yi. Littattafai da allo da alli da biro, waɗannan ba mai gardama a kansu. Riga da wando iri ɗaya, su ma na yarda da su, zan kuma faɗi dalili nan gaba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗan ƙyallen nan da wasu makarantun kuɗi suke liƙawa a ƙarshen takardar, wanda mu nan muke kira karabat, ƴan'uwanmu na tsallaken iyaka, can Birnin Kebbi da Sakkwato, su ce naktaye. Yayin daga manyan birane ya taso, kuma mun san halinmu: abin da Yamai ta yi yau, gobe sai ka gan shi ya biyo kwalta ya ratsa Dosso da Kore Mairuwa ya sauka Dogon Dutsi, jibi kuma ya leƙa Tibiri. Ra'ayina a kansa gajere ne. Kada makaranta ta wajabta wa yaro tufar da gidansu ba shi da abin gyara ta. Karabat kuwa shi ne kan gaba a irin waɗannan tufafi.

Bari in fara daga guga, domin a nan maganar take. Yawancin mutane sun ɗauka karabat guntun yadi ne da aka kalmashe, saboda haka in ya yamutse sai a shimfiɗa shi a danna masa dutse kamar yadda ake yi wa ɗankwali. Wanda ya taɓa farke tsohon karabat ya san ba haka yake ba. Yadin da ke waje, ba a bin zaren tsaye ko na abawa wajen yanka shi. A karkace ake yankawa, tsakanin su biyun, don ya riƙa miƙewa in an ja shi, ya koma in an sake shi. Wani mai ɗinkin karabat a birnin Niyok na Amurka, Jesse Langsdorf, shi ya yi wa wannan yanka rajista a shekarun 1920, kuma har yau a kansa ake. A ciki akwai wani ƙyalle mai kauri, na ulu a masu tsada, na roba a masu araha, shi ke ba abin jiki. Sannan a naɗe yadin a kansa, a ɗinke ta baya da zare guda sakwa-sakwa, da gangan, don kada ya tsinke in an tsuke ƙulli. Gefunan biyu a dunƙule suke, ba su da kari. Ka ɗora wa wannan dutse mai nauyi ka ja, gefen zai mutu ya koma kamar bakin wuƙa, sawun ɗinkin baya ya fito a gaba, yadin ya miƙe ta ɓangare guda ya murɗe. Daga ranar ba zai sake rataya daidai ba.

Wannan ɓarnar nauyi ke nan, saura ta zafi. In ka juya rigar kanti, ko karabat ɗin da bai rasa alamarsa ba, za ka ga ɗan farin ƙyalle da hoton dutsen guga, a cikinsa ɗigo ɗaya ko biyu ko uku. Ɗigo ɗaya yana nufin kada zafin ya wuce digiri 110, biyu 150, uku 200. Auduga tana ɗaukar ɗigo uku ko gezau. Karabat, na alharini ne ko na roba irin su targal, ƙasa-ƙasa yake so, kuma yawancin wanda ke kasuwanninmu, sabo ko na bosho, na roba ne. Auduga in za ta ƙone takan yi ja-ja, ta ba ka damar ɗaga hannu. Roba ba ta sallama. Da farko sai ta yi wani sheƙi kamar an shafa mata man shanu, sheƙin da wanki ba ya fitarwa, daga nan ta ƙanƙance ta manne wa dutsen.

Dutsen da ke gidajenmu fa? Kowa ya san shi: baƙin ƙarfe mai murfi, da ɗan zakara a goshi da ake maƙale murfin da shi, da ramuka a gefe don iska ta shiga. Ba shi da ɗigo, ba shi da abin murɗawa. Ma'auninsa yatsa ne da miyau, ko tsumman da ake gwadawa a kai. Yanzu ya yi sanyi, ka kaɗa shi sau uku a iska ko ka sa masa mafici, ya zarce abin da auduga ma za ta ɗauka. Ga toka tana zubowa ta ramukan, ga tartsatsin da in ya sauka kan roba sai ya huda ta kamar an soka allura mai zafi. Ba raina shi nake yi ba. Dutsen nan ya fitar da malamai da likitoci da alƙalai daga Arewa, da shi aka goge musu kaki tun suna ajin farko. Don kaki da atamfa aka ƙera shi, kuma a can gwani ne.

Tunda dai karabat ya riga ya shiga wasu gidaje, na yaro ko na maigida mai zuwa ofis, ga abin da na san yana aiki, kuma yawancinsa babu dutse a ciki. Mafi yawan yamutsewar daga ƙulli take zuwa, domin an saba a ja shi ƙasa kaɗan, a zare ta kai, a rataye shi da ƙullinsa a ƙusa har mako ya ƙare. Yaran da ba su iya ɗaurawa ba ma, ƙullin da aka yi musu ranar komawa shi ne har babban hutu. A kwance shi kowace rana, a bi hanyar da aka ɗaura a dawo, kada a fizgo siririn bakin ta cikin ƙullin. Sannan a naɗe shi a hannu sannu-sannu, daga siririn baki zuwa faffaɗan, kamar naɗin tabarma, a ajiye cikin kwano mai murfi ko akwati ya kwana. Yankan nan na karkace shi zai yi aikin, kafin asuba yawancin tattarar ta saki. Abin da ruwan zafi ya dafa, in an yi haƙuri na sanyi ma yana dafawa.

In ta ƙi saki, sai tururi. A ɗora buta ko tukunya, in ta tafasa a riƙe karabat ɗin da hannu biyu a saman tururin, da rata kamar tsawon tafin hannu, ana ɗan zagayawa da shi har wurin da ya yamutse ya sha ɗumi ya yi laushi. Kada a bari ya jiƙe, kada ruwa ya fallatsa masa, domin ɗigon ruwa yana barin tabo a alharini. Daga nan a shimfiɗa shi kan zane mai tsafta, a shafa da tafin hannu, a bar shi ya huce kafin a ɗaura. Ƴar butar ƴan shayi ma ta fi tukunya, don bakinta siriri ne, tana tura tururin wuri guda. Babba ne zai yi wannan aiki. Tururi yana ƙuna fiye da yadda yara ke zato.

Dutse shi ne na ƙarshe, in an rasa yadda za a yi. A yanka kwali daidai faɗin karabat ɗin, a zura shi ciki ta faffaɗan baki, don kada ɗinkin baya ya buga a gaba. A kifa shi, bayansa a sama. A rufa masa farin ƙyallen auduga mai ɗan danshi. A jira sai an gama gugar duk kayan gida, garwashin ya yi la'asar, sannan a riƙa taɓawa ana ɗagawa, ba ja, ba dannawa, ba a kuma kai gefe. Wanki kuwa na roba kawai ake yi wa, da hannu, da ruwan sanyi, ba murza ba matsa, a shanya a inuwa a kwance. Na alharini in ya shiga ruwa, da wuya ya dawo yadda yake.

To, malamai ƴan'uwana, ku sake duba abin da na lissafa. Kwali, farin ƙyalle, buta a kan wuta, akwatin da yara ba sa taɓawa, da babban mutum mai natsuwa da lokaci. Duk don ƙyallen da ba ya rufe tsiraici, ba ya tare sanyin hunturu, ba ya share gumi. A wane gida za a yi haka kullum? A gidan da uwa ta tashi tun asuba tana daka, ko tana suyar ƙosan da za a samu na kashewa? Mu faɗa wa juna gaskiya, aikin kan yayar yaron yake faɗawa, ƴar shekara goma sha biyu ko sha uku, ita ma ƴar lakwal, wadda ta ɗebo ruwa ta wanke kwanuka, yanzu kuma ta tsuguna tana hura gawayi a lokacin da ya kamata ta buɗe littafi. Muna taro muna kukan ƴan mata suna barin makaranta kafin su kai jarrabawar BEPC, ga mu kuma da hannunmu muna ƙara musu aiki. In dutsen ya ci karabat ɗin, ita za ta sha faɗa, uba ya sake sa hannu a aljihu, ƙanen kuma ya tafi da rami a ƙirji.

Wani zai ce ai akwai dutsen lantarki, mai abin murɗawa, har da mai fesa tururi. Akwai, a kanti. Alƙaluman Bankin Duniya na ƴan shekarun nan suna nuna kamar mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki a Nijar, kuma mafi yawansu a birni suke. Ka bar kwalta ka nufi ƙauyukan Dogon Kiriya ko Sukukutan ko Gesheme, ka ƙirga gidajen da ke da mita. Masu mitar ma sun ga abin da ya faru bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da Najeriya ta yanke wutar da take turo mana ta layin Birnin Kebbi, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da kamfanin Nigelec ke rabawa. Watanni aka yi ana ɗauke wuta ana kawowa har aka shiga 2024. Faifan hasken rana da ya yawaita a rufin gidaje kuwa, ƙaramin nan da ke cajin salula ya kunna ƙwai biyu, ƙarfinsa bai wuce ƴan gomomin wat ba, alhali dutsen lantarki wat dubu yake nema ko fiye. Saboda haka duk dokar tufafin da aka rubuta a ofis mai fanka, a ƙarshe kan garwashi take sauka.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke biyo baya a ƙofar makaranta. Na sha tsayawa ina kallo a wata makarantar kuɗi da ba zan ambata ba. An jera yara da safe, sirbeyan yana bi ɗaya-ɗaya, wanda ƙullinsa ya karkace a ja masa kunne, wanda nasa ya ƙone ko ya ɓata a ce ya koma gida. Yaron ya rasa darasin farko, lokacin da kai ya fi ɗauka, saboda abin da ba shi ya yi ba. Sirbeyan yana ganin ladabin yaro yake aunawa. Abin da ke kan sikelinsa kuwa shi ne ko akwai wuta a gidansu, ko uwarsa tana da lafiya, ko ubansa yana da kuɗin mai wanki da guga. Ɗan ma'aikaci ya wuce, ɗan manomin da ya sayar da wakensa don ya biya kuɗin makarantar ya juya. Yara ba wawaye ba ne, sun san abin da aka auna. Wanda aka kora gaban abokansa sau biyu, sau uku, ran nan sai ya fito daga gida ya ratse gindin dutse ya zauna har a tashi, iyaye na can suna zaton yana aji.

Kada a fahimce ni baibai, ba ƙazanta nake karewa ba. Malamin da ya ƙyale yaro ya shigo aji da dauɗa a wuya bai yi masa adalci ba. Guga ma tana da amfanin da ya wuce ado. Zafin dutse yana kashe ƙwarƙwata da ƙwanta da ke ɓuya cikin ɗinki, yana kuma kashe ƙwan ƙudan nan da ke bin kayan da aka shanya a ƙasa, wanda tsutsarsa ke shiga fatar yaro ta yi masa ƙurji kamar maruru, musamman da damina. Tufafi iri ɗaya su ma suna da hujja mai ƙarfi, domin suna rufa wa talaka asiri, ɗan mai shadda da ɗan mai tsumma su zauna benci ɗaya ba a gane su ba. Amma ku lura, duk waɗannan hujjoji na riga da wando ne. Karabat shi ne abu ɗaya a jikin yaron da ba a iya yi wa wankin kirki, ba a kuma iya yi wa guga mai zafi. Shi ke shan gumin wuya, shi ke faɗawa cikin kwanon shinkafa da wake lokacin shan iska, da shi ake share majina in ba mai kallo. A Ingila ma tun 2007 ma'aikatar lafiya ta shawarci likitoci su daina rataya shi wajen duba marasa lafiya, don ba a cika wanke shi ba, ga shi yana shafar gado bayan gado.

Na san inda son abin ya samo asali, kuma ba na yi wa mai son dariya. Sojojin haya ƴan Kuroshiya da suka yi wa Faransa yaƙi a ƙarni na 17 ne ke ɗaure ƙyalle a wuya, Faransawa suka gani suka ɗauka, har sunan ma daga sunan mutanen ya fito. Mu kuma ya zo mana tare da kumandan da akawu. Ƴan ƙalilan da aka tura makarantar William Ponty a Senegal, irin su Bubu Hama da Diori Hamani, sun dawo malamai a zamanin da kwat da karabat ke shaida cewa mutum ya yi karatu. A lokacin malamin lakwal, mushe kamar yadda muke ce masa, kalmar da har gobe ke ba mutanen Kano dariya, shi ne mai albashi a gari, shi ake kai wa wasiƙa ya karanta. Uban da yau yake son ganin ɗansa da karabat, wannan hoton yake gani, kuma buri ne mai kyau. Masu makarantun kuɗi ma sun san hoton, shi ya sa wasunsu ke sayar da shi. Ya fi araha a rataya wa yara ƙyalle iri ɗaya a ɗauke su hoto a sa a allon talla, da a ɗauki ƙwararren malamin lissafi a biya shi kan lokaci. Uban da ke son sanin makarantar da ya kai ɗansa, ya buɗe littafin aikin yaron ya duba yaushe jan biro ya taɓa shi na ƙarshe.

Ba kuma karabat ya koya mana fitowa tsaf ba. Ku je wurin masu bugu ku ga yadda ake jiƙa shadda da ƙaro, a ninke, a ɗora kan gungume, a yi ta sauke mata mabugi har ta yi ƙyalli. Ku dubi masu wankin hula da itatuwan da suke kifa ta a kai don ta tsaya. Ku dubi tsohuwar da ke ninke zanen sallarta ta sa ƙarƙashin katifa, ta fito da shi da kari kamar an ja da layi, ba ta taɓa garwashi ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma daga aji ya fito, ya tsaya gaban Majalisar Ɗinkin Duniya a watan Oktoban 1960 da babbar riga da hula, ba wanda ya ce bai shirya ba.

Su kansu waɗanda suka riƙe abin da daraja sun fara sassauta wuya, kuma zafi ne ya sa su. A 2005 gwamnatin Japan ta nemi ma'aikata su ajiye kwat da karabat da bazara, don a bar na'urar sanyaya ofis a digiri 28 a rage shan wuta. A Yulin 2022 firaministan Sifaniya, Pedro Sánchez, ya fito gaban ƴan jarida ba karabat, ya roƙi ministocinsa da ma'aikata su yi haka don dalili iri ɗaya. Waɗannan mutane ne masu na'urar sanyi. Mu a nan, Afrilu da Mayu zafi ke haura digiri 40 a inuwa, aji mai rufin kwano, yara a cunkushe, shi ne lokacin da ake bitar jarrabawa. A wannan yanayi ake ce wa yaro ya ɓalla maɓallin wuya ya tsuke.

Sai dai a nan zan rabu da wasu abokaina. Tun da kundin sake gina ƙasa da aka sa wa hannu a Maris na 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, ana ta zaƙulo duk abin da muka gada daga Turawa ana tuhumarsa, kuma wasu za su so a ce gwamnati ta haramta karabat gaba ɗaya. Mu mutanen Arewa ba ma rasa ambaton Lugu da Sarauniya Mangu da abin da ya faru a 1899 a kowace muhawara, amma ni ba zan ja Sarauniya cikin maganar guntun ƙyalle ba. An taɓa gwada hanin. Mobutu ya hana kwat da karabat a Zayar daga farkon shekarun 1970 har 1990, ya ɗora wa ma'aikata wata riga tasa, ƙasar kuwa ba ta gyaru da wannan ba. Malamin da ke son karabat ɗinsa, ya saya da albashinsa, ya iya kula da shi, ya sa abinsa, yana kuma yi wa wasu kyau. Baligi ne, wuyansa ne. Haka nan ba na cewa duk tufar gida ta fi sauƙi. Burkina Faso ta yanke a 2023 a shigar da saƙarsu ta gida, Faso Dan Fani, cikin tufafin makaranta, kuma akwai hikima a ciki don masaƙa da manoman auduga su samu. Amma saƙar hannu ta fi targal tsada. Da wani darakta zai tashi gobe ya ce kowane yaro ya zo da shadda bugaggiya don kishin al'ada, da na rubuta masa irin wannan takarda. Inda tufa ta fito bai dame ni ba kamar wanda zai wanke ta, da abin da zai goge ta da shi.

Hujja mafi ƙarfi da na ji daga masu goyon bayan karabat ita ce ta aiki. Suna cewa yaran nan wata rana za su nemi aiki a banki ko otal ko kamfanin jirgin sama, za a kira su ganawa, kuma ɗan Matankari bai kamata ya tsaya gaban madubi yana kokawa da ƙulli ba alhali ɗan Yamai ya iya tun yana ƙarami. Gaskiya ne, kuma ba na son a rufe wa ƴaƴanmu kowace ƙofa. Amma ɗaurin karabat karatun awa ɗaya ne. Ba ya buƙatar shekara goma sha uku na gumi. A ajin ƙarshe na kwaleji ko na lise a ware rana guda, malami ya zo da guda biyar ko shida, kowa ya ɗaura ya kwance har hannu ya saba, maza da mata, a nuna musu naɗi da tururi da dabarar kwali. A haɗa da yadda ake rubuta takardar neman aiki da yadda ake shiga ofis a gaisa, waɗanda su ne aka fi faɗuwa a kansu.

Maganar tufafi kuma a daina yanke ta tsakanin darakta da mai kawo kaya. Muna da kwamitin kula da makaranta, wanda muka fi sani da COGES, muna da ƙungiyar iyayen yara, muna da ta iyaye mata, kuma makarantar kuɗi ma ba ta fi ƙarfin ta tara iyaye ta ji bakinsu ba, tunda su ke biya. Kafin a wajabta kowace tufa, a ɗinka guda ɗaya a ba wata uwa daga cikin ƙungiyar, wadda gidanta ba mita. Ta wanke da sabulun da take wanki da shi, ta goge da dutsenta na gawayi, yaro ya sa ya yi mako biyu yana wasa da ita. Sannan a kawo a shimfiɗa gaban taro kowa ya gani. Abin da ya tsira a karɓa, abin da ya narke a bar wa mai shi. Makarantar da ke son a gane ƴaƴanta daga nesa, ta zaɓi launin riga, ta sa telolin gari su ɗinka tambarinta a aljihu, kuɗin ma ya tsaya a Dutsi ko Tibiri maimakon ya tafi wurin mai dilar kwantena. Yaron da ya zo da dauɗa a kira shi gefe a tambayi lafiyar gida, in ta kama a aika wa uban, amma a bar shi ya shiga aji.

Waɗanda aka riga aka saya kuwa ba sai an zubar ba. Iyaye su tara su a ba makaranta, darakta ya ware masu kyau don darasin nan na ajin ƙarshe da ranar wasan kwaikwayo, a kwance ƙullinsu, a naɗe kowanne, a jera cikin kwali mai murfi a ajiye inda ƙurar hunturu da gara ba za su kai ba.